Taraktarmu ta fara ƙwanƙwasa: yadda muka yanke shawara kan metal ɗin injin

Taraktar gidanmu Massey Ferguson 375 ce, irin ta Ingila ɗin nan da aka fara fitarwa a 1986, ba ta Pakistan da ta cika gari yanzu ba, injin Perkins 4.236 ne a cikinta mai fistin huɗu. Baba ne ya saye ta a hannu tun muna sakandare, yanzu ni da Yayana muke kula da ita. Da damina ita ke mana haro da huɗa, mu yi namu mu yi wa mutane a biya mu, da rani kuma ta ja tirela, kai taki gona, ɗauko masara, wani lokacin har yashi. A nan wajenmu kudancin Kano, yankin Tudun Wada da Doguwa, duk mai tarakta ya san kuɗin shekararsa a ɗan tsakanin nan yake daga saukar ruwan farko zuwa a gama shuka, in ta kwanta maka a lokacin toh sai kuma baɗi.

Cikin watan Maris muna tsaka da kai takin gida gona direban ya same ni yace Yaya akwai abin da ban gane ba, in injin yayi zafi na sauke totur jan wutar nan ta baƙin mai sai ta riƙa ƙyaftawa, in na ɗan taka kuma sai ta ɗauke. Yace kuma in ta ɗau kaya tana hawan tudu yana jin wani sauti daga can ƙasa, ba irin ƙarar gas da aka saba ba, wannan mai nauyi ne, ƙwas ƙwas. Na bi shi gona na tsaya a gefenta na saurara, da safe kam ba ka jin komai, sai rana ta ɗaga an yi sawu da yawa sannan abin yake fitowa, kuma wallahi in ka taɓa jin sa sau ɗaya ba za ka ƙara kasa gane shi ba. A take nace a sauke tirelar a mayar da ita gida a hankali.

Bakanikenmu dattijo ne, ya daɗe a kan Massey da Fiat da Steyr ɗin nan da aka riƙa haɗawa a Bauchi, kuma abin da yasa nake son aiki da shi baya saurin cewa a kwance inji. Yace min Alhaji wutar nan tana iya yin ƙarya, ɗan suwic ɗin da ke kunna ta ma yana lalacewa, bari mu gani da ido. Ya cire suwic ɗin ya ɗaura geji mai allura a raminsa. Da sanyi allurar ta tashi lafiya lau. Aka ɗaura mata haro aka ɗan yi aiki a fili har injin ya ɗau zafi sosai, sai ga allura tana sauka tana sauka, injin da ya kamata ace yana riƙe tsakanin 30 da 60 a ma'aunin psi in yana cikin aiki da zafinsa, namu ko kusa da 30 ɗin baya zuwa, in aka bar shi a silo kuwa, wato yana tafiya ba a taka totur ba, allurar kusan kwanciya take. Daga nan ya ɗau sifana ya riƙa sassauta notin bututun nozul ɗaya bayan ɗaya injin na tafiya, wato yana kashe fistin ɗaya ɗaya kenan, na farko ba canji, na biyu ba canji, yana taɓa na uku sai ƙwanƙwasar ta lafa. Ya ɗaure ta dawo. Yace toh ga inda ciwon yake.

Sai ya zaro sandar awon baƙin mai ya shinshina ya miƙo min. Warin gas. Ya murza a yatsa, man ya tsinke ba danƙo, kuma ya haura alamar sama alhali ba wanda ya ƙara mata. Direban yace shi dai ya lura kwana biyu bata shan mai ko kaɗan. Ashe ba rashin sha bane, gas ne yake zurarewa ta sil ɗin gaban injekta, wato famfon da ke tura gas zuwa nozul, yana gangarawa cikin baƙin mai yana cika shi. Muka cire filta ya yanka ta da zarto ya buɗe takardar cikin a rana, sai ga ƙananan ɓurɓushin ƙarfe suna ƙyalli a lungun takardar, wasu fari wasu jaja-jaja.

Ga wanda bai taɓa ganin cikin inji ba, metal wasu ɓari biyu ne masu lanƙwasa da ake sawa su rungumi kiranshaf, wato sandar nan ta ƙasan inji da fistin ke juyawa, bayansu ƙarfe ne mai tauri, cikinsu kuma an shimfiɗa mai laushi. Akwai men metal, wurare biyar a wannan injin, su ke riƙe kiranshaf ɗin a jikin bulok, akwai kuma na kwanrod, wato hannun da ke haɗa fistin da kiranshaf, guda huɗu, kowane fistin da nasa. A ƙa'ida ƙarfe baya taɓa ƙarfe, baƙin mai ne ke shiga tsakani da ƙarfin famfo, kuma ratar da ke wurin bata wuce kaurin silin gashi ba. In man ya tsinke ko ƙura ta shiga sai su fara gogar juna, rata ta buɗe, mai ya riƙa tserewa ta gefe, shi yasa allura ke faɗuwa, shi kuma kwanrod ya samu wurin da zai riƙa dukan kiranshaf duk lokacin da gas ya kama. Dukan nan shi ne ƙwanƙwasar.

Gano ciwon bai ba mu wahala ba, shawarar ce ta ɗau lokaci, don kowa da abin da yake gani kuma gaskiya ba wanda maganarsa shirme ce.

Yayana yace mu gyara sil ɗin injekta, mu juye man, mu zuba mai kauri lamba 40 ko 20W-50, mu lallaɓa ta haka har a gama haro, in kuɗi sun shigo da kaka sai a buɗe ta gaba ɗaya. Hujjarsa kuɗi ne, a lokacin muna neman na takin zamani da iri da maganin feshi, kuma kowa ya san tun da aka saki naira a 2023 kayan gyara suka yi tashin da ba a cewa komai. Na fahimce shi sosai. Kuma da ace wutar ce kawai ke ƙyaftawa a silo babu ƙwanƙwasa, ni ma da na bi bayansa, akwai tsofaffin taraktoci da yawa da suke shekaru a haka. Amma da zarar sauti ya fito magana ta canza, mai mai kauri yana ɓoye sautin ne kawai ya ɗan ɗaga allura, baya mayar da abin da ya cinye. Kuma haro ba jan tirela bane, awa da awanni injin yana kan cikakken nauyi cikin zafi da ƙura. Bakanike yace Alhaji babba, in metal ɗin nan ya juya a cikin kwanrod ko ya narke ya kama, kiranshaf ya tafi, kwanrod ya tafi, in abin ya zo da ƙarar kwana ya fasa bulok ya leƙo waje, a lokacin ba maganar gyara ake ba maganar sabon inji ake, kuma a tsakiyar gonar mutane zai faru kun riga kun karɓi kuɗinsu.

Wani maƙwabcinmu da shima yake da Massey yace ai abin bai kai haka ba, a kwance kaskon ƙasa kawai a zare tsofaffin metal a zura sababbi ta ƙasa ba sai an taɓa kiranshaf ba, shi haka yayi wa tasa kuma tana nan tana aiki. Wannan hanyar gaskiya ce, ana yi, kuma ita ce mafi sauƙin kuɗi da lokaci. Sai dai tana da sharaɗi, sai in wuyan kiranshaf ɗin, wato inda metal ke runguma, yana nan sumul kuma bai tauye ba. In ya riga yayi zane ko ya zama ba da'ira sosai ba, sabon metal ɗin ma cinye shi zai yi cikin ɗan lokaci, ka yi asarar kuɗin kaya da na aiki kuma ka dawo inda kake, wataƙila ma a lokacin da ruwa ya riga ya sauka.

Akwai kuma wanda yace mu nemi injin tokumbo mu ɗora mu huta. Ni wannan bai kwanta min ba ko kaɗan. Kuɗinsa ya ninka na gyara, kuma ba ka san tarihinsa ba, wanke shi aka yi aka fesa fenti, cikinsa sai Allah. Sannan 4.236 ɗin kala kala ne, tun shekarun 1960 ake yin sa, an saka shi a janareto da manyan motoci da injinan gini, wanda aka yi don Massey kaskonsa da gabansa daban ne saboda a tarakta injin shi ne ƙashin bayan, gatarin gaba ma a jikinsa yake ɗaure. Namu kuwa mun san shi, bugu ɗaya yake tashi da safe, baya hayaƙi shuɗi, bututun numfashinsa baya huci sosai, lagireto baya tafasa. Saman injin lafiyarsa ƙalau, ƙasan ne ke ciwo.

Da muka kai wa Baba maganar bai ce a yi kaza ko kaza ba, tambaya ɗaya yayi, yace kun buɗe kun gani ne ko duk da kunne kuke wannan lissafin? Muka ce ba mu buɗe ba. Yace toh ku buɗe, kuɗin gasket ne kawai. A nan muka tsaya, ni da Yaya muka yi alkawari tun kafin a taɓa noti ɗaya: in kiranshaf ya fito sumul kuma awo ya nuna yana daidai, a zura metal ta ƙasa a rufe, in ya tauye amma akwai sauran nama a jikinsa a cire a kai girandin, wato a goge wuyan da inji a daidaita shi, in kuma ya ƙare ko ya tsage toh a ajiye ta bana mu yi hayar ta wani mu san abin yi da kaka. Ina ganin wannan alkawarin shi ya hana mu jayayya daga baya.

Kwance kaskon Massey ba kamar na mota bane, na zubin ƙarfe ne mai nauyi kuma yana ɗauke da wani ɓangare na nauyin gaba, sai da aka tokare ta da jak da katakai masu kauri aka sa duwatsu a tayoyin baya. Ana sauke shi sai ga wani laka mai toka toka a gindinsa. Sannan akwai balansa a ƙarƙashin kiranshaf, wadda famfon baƙin mai ke jikinta, ita ma sai da aka sauke, bakanike yayi alama a haƙoran giyarta tun kafin ya cire don in aka mayar ba bisa saiti ba injin girgiza zai riƙa yi. Ya kwance hular kwanrod na uku ya miƙo min ɓarin metal ɗin a tafin hannu. Farin saman duk ya goge, jan ƙarfen da ke ƙasa ya fito fili, ɓarin sama ya fi cinyewa don shi ke ɗaukar dukan, ga zane zane a tsawonsa, gefe ɗaya har ya fara ɓarewa. Amma ɗan harshen nan da ke riƙe shi a mazauninsa yana nan bai karye ba, bayansa kuma bai yi baƙi ba, alamar bai juya a cikin kwanrod ba kenan. Ya juya bayan ya goge da tsumma ya nuna min rubutun da aka buga, STD, wato girman asali na kamfani. Yace Alhaji ku gode wa Allah, tun da aka ƙera injin nan ba a taɓa yi wa kiranshaf ɗinsa girandin ba.

Na shiga ƙarƙashin da fitilar waya yace in ja farcena a wuyan na uku. Farcen yana maƙalewa a layuka. Na gwada na ɗaya, sumul. Amma yace farce ba awo bane, muka ɗauko wani mai aikin lesi da maikiromita ya auna kowane wuya ta tsaye da ta kwance. Wuyan kwanrod a wannan injin inci biyu da rabi ne, na men kuma inci uku. Na uku ya fito ya tauye, awon tsaye da na kwance ba ɗaya ba, na biyu ma ya ɗan fara, sauran da dama dama. Shikenan magana ta ƙare, zura metal ta ƙasa ya fita daga lissafi, Yaya da kansa yace a cire.

Cire kiranshaf yana nufin raba tarakta biyu, a ware injin daga giyabos, a cire gatarin gaba, a sauke fulawil da murfin gaba da giyoyin tayimin. A nan ma wata shawarar ta taso, bakanike yace tunda an zo nan me zai hana a yi obahol gaba ɗaya, silif da fistin da ringi. Nace wa bakaniken Baba ina ganin girman maganarka amma aljihu ba zai ɗauka ba bana, kuma saman bai nuna mana wata alama ba, yace ba laifi amma kar in ji ka ce ba za a canza sil ɗin baya da faifan kuloch ba, don waɗannan in suka lalace gobe sai an sake raba ta. Na yarda da wannan, faifan ma da muka gani ya kusa kai wa kan ƙusoshinsa.

Kano muka kai kiranshaf ɗin. Mai girandin ya fara duba ko akwai tsaga da ko ya lanƙwashe, babu, sannan ya sake aunawa da kansa. Ana rage shi ne mataki mataki, 010 sai 020 sai 030, kowane mataki da metal ɗinsa mai ƙarin kauri da zai cike abin da aka cire. Yace zanen bai yi zurfi ba 010 zai share shi, men da kwanrod duka, abin da suke cewa ten ten. Wannan ya min daɗi don ya bar mana sauran mataki biyu nan gaba. Abin da zan ce wa duk mai zuwa wannan aikin, kar ka sayi metal sai mai girandin ya faɗa maka lambar da aikin ya tsaya a kai, kuma in ka saya ka kawo masa ya gwada da shi. Sannan ka roƙe shi ya kula da lanƙwasar nan ta gefen wuya inda ya haɗu da kafaɗa, in aka yanke ta tayi kaifi daga nan kiranshaf ke karyewa.

Kayan a Kofar Ruwa muka saya, na tafi da bakaniken don shi ya san hannun da yake saye. Metal na men da na kwanrod, wasan gefe masu hana kiranshaf zuwa gaba da baya, gasket na ƙasa, sil gaba da baya, filta. Kaya iri iri ne a kasuwa ko'ina, akwai mai araha akwai mai tsada kuma kwalin duk kusan ɗaya, mu dai mai kyaun muka ɗauka don kuɗin metal ɗin kansa shi ne mafi ƙanƙanta a duk aikin, ba wurin da za a yi tsimi bane. Famfon baƙin mai ma da aka buɗe ɓurɓushin ya bi ta cikinsa ya zazzane shi, aka canza. Injekta kuma aka kai wa masu gyaransa suka sa sabon sil suka duba nozul, don in ba a toshe inda gas ke shiga ba duk wannan aikin banza ne, har ɗan famfon da ke jawo gas daga tanki sai da aka duba robarsa don shima yana iya zubarwa ciki.

Wurin haɗawa ne na ga bambancin tsohon hannu. Bai yarda a yi a ƙasa cikin iskar rani ba, ɗaki muka share aka shimfiɗa buhuna. Ramukan mai da ke cikin kiranshaf ya bi su ɗaya ɗaya da ɗan buroshi da gas da iska har sai da abin da ke fitowa ya zama fes, yace garin dutsen girandin da ke maƙalewa a ciki shi ke kashe sabon metal a makon farko mutane su ce kayan ne jabu. Kowace hula ta koma inda aka ciro ta da fuskar da take, bayan metal a bushe, cikinsa da mai. Da sifana mai awo ya ɗaure, ba da ƙarfin dantse ba, kuma duk hular da ya ɗaure sai ya juya kiranshaf da hannu ya ji ko ya kama. Kafin a tayar ya sa aka riƙa juya injin da sitata ba tare da an ba shi gas ba har allura ta motsa.

Ta tashi bugu ɗaya. Muka bar ta tana aiki mara nauyi na ɗan lokaci, jan tirela ba cika ba, sannan aka juye man aka canza filta aka sake yanka tsohuwar, tsaf take. Da zafinta a cikin aiki allurar tana zama sama da 40, a silo ma bata faɗuwa inda take faɗuwa da. Kuɗin duka har da kuloch da injekta bai kai rabin abin da aka ce mana na injin tokumbo ba, kuma an gama tun kafin ruwan farko, ta yi haron bana daga farko har ƙarshe.

Gejin mai allura ban bari an cire ba, na sa an ɗaura shi dindindin kusa da sitiyari. Direban kuma duk safiya in ya zaro sandar awo sai ya shinshina ya duba ko man ya hau, juye kuma duk awa 250 muna rubutawa a littafi tunda agogon awanta yana aiki. Saman injin da muka bari na lura yanzu bututun numfashin ya ɗan fara huci in ta sha aiki, mun yi magana da bakanike in an gama ɗaukar masara za a buɗe kan a duba ringi da silif, wannan karon ba sai an raba ta ba.